Ciwon Sukari a Jikin Kare da Hanyoyin Jinyarsa a Fadamar Haɗeja

Duk wanda ya san ƙauyukan da ke gefen Kogin Haɗeja, tun daga birnin Haɗeja zuwa Kirikasamma, har a gangara Guri da Nguru, ya san cewa kare a wannan yanki ma'aikaci ne. Shi ke bin mafarauci daji da rani, shi ke kwana a bakin garken makiyayi, shi ne kuma ke tsaron gonar manomin rani da dare. Shari'a ma ta yarda a ajiye shi domin waɗannan ayyuka uku, wato farauta da kiwo da gadin shuka. Saboda haka idan karen kirki ya kwanta ciwo, mai shi ya yi asarar da ba a cike ta da kuɗin kasuwa ɗaya, domin horar da wani yakan ci shekara ko fiye.

Akwai wani ciwo da yakan kama irin wannan kare a daidai lokacin da ya ƙware a aikinsa, amma ba safai ake gane shi ba. Alal misali, a ce karya ce mai shekara bakwai ko takwas. Wata guda ko biyu bayan ta gama barbara, sai a ga ba ta rabuwa da bakin kwatarniyar ruwa. Tana shanyewa, ta koma gefe ta yi fitsari mai yawa, ta sake dawowa. Abinci kuwa tana ci kamar wadda ta kwana biyu ba ta sa komai a baki ba, amma kullum haƙarƙarinta sai ƙara fitowa yake yi. Inda ta yi fitsari, kiyashi ya taru. Mai ita zai ce tsutsar ciki ce, ya sayo magani ya ba ta, a banza. Wani ya ce sammu ne. Alhali kuwa abin da ke damunta shi ne ciwon sukari, irin wanda aka sani a jikin ɗan Adam. A ƙasar Ingila, inda ake ajiye lissafin dabbobin da aka kai asibiti, an gano cewa cikin kowane kare ɗari uku akan sami kamar ɗaya mai wannan ciwo, kuma galibinsu sun wuce shekara bakwai.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Duk abincin da ke da sitaci, tuwo ne ko shinkafa ko rogo, idan ya narke a hanji yakan zama wani irin sukari da ake kira gulukos. Jini ne ke ɗaukarsa ya zaga da shi, domin shi ne makamashin da tsoka da ƙwaƙwalwa da sauran sassan jiki ke aiki da shi. Sai dai gulukos ba ya iya shiga yawancin ƙwayoyin jiki, musamman na tsoka da na kitse, sai da iznin wani sinadari mai suna insulin. Wannan sinadari ana sarrafa shi ne a cikin fankiriyas, wata 'yar tsoka mai laushi, fara-fara, da ke kwance a jikin farkon ƙaramin hanji, dab da tumbi. A nan ya kamata a gyara wani kuskure da ya yaɗu har a bakin masu ilimi: fankiriyas ba ita ce saifa ba. Saifa baƙa-baƙa ce, aikinta tace jini, ba ruwanta da insulin. A cikin fankiriyas akwai wasu ƙananan tarin ƙwayoyi a warwatse kamar tsibirai a tafki, waɗanda wani ɗalibin likita Bajamushe, Paul Langerhans, ya fara gani da madubin ƙara girma a shekarar 1869. Su ne masu yin insulin.

A jikin kare mai lafiya, gulukos yakan tsaya tsakanin miligiram 70 zuwa 120 a kowane mililita 100 na jini. Idan tsibiran nan suka lalace, insulin ya ƙare, sai gulukos ya taru a jini ya rasa hanyar shiga. Ƙoda kan tace jini ta mayar da gulukos ɗin da ya biyo ta, amma ƙarfinta yana da iyaka. Da zarar awon ya haura kimanin 180, sai abin ya fi ƙarfinta, ragowar ya zube cikin fitsari. Sukari kuwa ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja ruwa ya bi shi, kamar yadda gishiri ke jan ruwa daga jikin ɗanyen kifi idan aka barbaɗa masa. Ga asalin yawan fitsarin ke nan. Ƙishirwar kuma ta biyo baya ne domin a mayar da abin da ya zube. Wannan jeri yana da muhimmanci ƙwarai, domin wasu kan janye ruwa daga gaban kare wai don ya rage fitsari. Yin haka ba ya tsayar da fitsarin, sai dai ya busar da dabbar, kuma a zafin bazara yana iya kashe ta cikin yini ɗaya ko biyu.

Su kuwa ƙwayoyin jiki, ga abinci jibge a ƙofarsu amma suna fama da yunwa. Sai jiki ya shiga narkar da kitsensa da tsokarsa domin ya sami makamashi. Shi ya sa karen ke ci yana ramewa. Idan aka daɗe a haka, hanta kan mayar da kitsen da ya narke ya zama wasu sinadarai masu tsami da ake kira kiton, su taru su gurɓata jini. A lokacin ne karen zai daina cin abinci, ya riƙa amai, numfashinsa ya yi sauri, bakinsa ya riƙa wani wari mai kama da na ruɓaɓɓen 'ya'yan itace. Karen da ya kai wannan matsayi ba ya jinyuwa a gida; ƙarin ruwa ta jijiya yake bukata a hannun likitan dabbobi, kuma a ranar.

Ba ƙaramin abin mamaki ba ne cewa duk wannan ilimi ta hanyar kare aka same shi. A shekarar 1889, a birnin Strasbourg, Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa wani kare fankiriyas domin su ga ko zai iya narkar da abinci ba tare da ita ba. Sai suka ga ya kama yawan fitsari, da aka auna kuma aka tarar da sukari a ciki. Shekara talatin da biyu bayan haka, a 1921, Frederick Banting da Charles Best na Jami'ar Toronto a ƙasar Kanada suka tatso ruwan fankiriyas suka yi wa karnukan da aka cire wa ita allura, sukarinsu ya sauka. Wata karya da suka sa wa suna Marjorie ta rayu kwana saba'in a kan wannan allura. A watan Janairu na 1922 aka gwada maganin a kan wani yaro ɗan shekara goma sha huɗu, Leonard Thompson, ya farfaɗo. Duk mai ciwon sukarin da ke karɓar insulin a asibitin Haɗeja ko na Kano, da karnukan nan aka share masa hanya.

Dalilin da ya sa karya ta fi kamuwa

A jikin ɗan Adam ciwon sukari iri biyu ne manya. Akwai wanda insulin ke ƙarewa gaba ɗaya, akwai kuma wanda insulin yana nan amma jiki ya daina jin maganarsa, wanda shi ya fi yawa ga manya masu ƙiba. Na kare ya fi kama da na farkon. Tsibiran kan mutu, ko dai saboda garkuwar jiki ta juya ta yaƙe su, ko saboda kumburin fankiriyas da ya yi ta maimaituwa. Abin da ya mutu kuwa ba ya dawowa.

Amma akwai wata hanya ta dabam da ta shafi karya kaɗai, kuma ita ce ta fi dacewa da yanki irin Kirikasamma, inda ba a saba yi wa karya aikin hana haihuwa ba. Bayan kowace barbara, ko ta ɗauki ciki ko ba ta ɗauka ba, jikinta yakan cika da sinadarin riƙon ciki, wato furojestaron, har kimanin wata biyu. A shekarar 1994 masu bincike a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan suka nuna cewa wannan sinadari yana sa nonon karya ya riƙa fitar da sinadarin girma zuwa cikin jini. Su biyun nan kuma duk masu hana insulin aiki ne. Saboda haka a cikin waɗannan watanni biyu fankiriyas sai ta ninka aikinta. Ƙaramar karya takan jure. Wadda ta manyanta, ta sha wannan wahala sau ɗaya ko sau biyu a kowace shekara, wata rana sai tsibiranta su gaza.

Abin farin ciki a nan shi ne, wannan irin ciwon sukarin kare ana iya warkewa daga gare shi. Idan likita ya yi aikin cire mahaifa da ƙwayayen haihuwa da wuri, kafin tsibiran su mutu, sukarin yana iya komawa daidai. Wani bincike da aka buga a 2010 a kan karnukan farauta na ƙasar Suwidin ya nuna cewa kusan rabin waɗanda aka yi wa aikin sun rabu da ciwon. Ko wadda ba ta warke ba, aikin wajibi ne a gare ta, in ba haka ba duk barbarar da ta zo sai ta rikita awon allurarta. Haka kuma a guji yi wa karya allurar tazarar haihuwa ta mata don a hana ta ɗaukar ciki, domin abin da ke cikinta ɗan'uwan furojestaron ne, kuma ɓarna iri ɗaya yake yi. Magungunan kumburi irin su dezametazon, waɗanda ake samu a hannun masu tallar magani ranar kasuwa, su ma suna tayar da sukari idan aka daɗe ana ba dabba.

Kama da wane ba ta wane

Ba duk kare mai ƙishirwa da rama ne ke da ciwon sukari ba. Ciwon ƙoda yana kawo yawan sha da yawan fitsari. Mugunya a cikin mahaifa ma haka, kuma ita ma bayan barbara take zuwa, a daidai lokaci ɗaya da ciwon sukari. Tsutsar ciki da cututtukan da kaska ke sawa suna ramar da kare, amma ba su cika sa shi shan ruwa fiye da kima ba. Mataki na farko da mai kare zai iya ɗauka da kansa shi ne auna ruwan. A ɗaure karen yini da kwana guda a inuwa, a lissafa abin da ya sha. Kare mai nauyin kilo 15, wanda shi ne matsakaicin karen gida, bai cika shan lita ɗaya ba idan yana hutawa. Idan ya wuce lita ɗaya da rabi, wato ledar ruwa uku irin mai rabin lita, kwana bayan kwana, to akwai magana. A yi wa watan Afrilu da Mayu uzuri, domin a lokacin ko mai lafiya shansa kan ƙaru.

Tabbatarwa kuwa aikin likita ne, kuma ba mai tsada ba ne: ɗigon jini a kan na'urar awon sukari, da tsinken takarda da ake tsomawa a fitsari. Idan aka sami sukari mai yawa a jini, aka kuma same shi a fitsari, ga kuma alamun da aka ambata, magana ta ƙare. A fara da asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa. Idan lamarin ya cuɗe, akwai asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Maiduguri.

Allura, safe da yamma

Maganin dai ɗaya ne, insulin, kuma ta allura. Ba a haɗiyarsa, domin shi furotin ne, ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama. Ƙwayoyin da ake ba manyan mutane masu ciwon sukari, irin su metformin da glibenclamide, ba sa yi wa kare aiki, domin aikinsu taimaka wa insulin ɗin da ke nan ko tsokano ragowarsa, shi kuwa kare ba shi da ragowa. Shuwaka da garahuni da sauran masu ɗaci su ma ba za su tayar da tsibiran da suka mutu ba.

Akwai insulin da aka yi musamman domin karnuka, mai suna Caninsulin, wanda ake tatsowa daga fankiriyas ɗin alade, saboda insulin ɗin alade da na kare tsarinsu ɗaya ne sak. Wanda ransa bai kwanta da wannan ba, ko bai same shi ba, babu damuwa. Insulin ɗin mutane, wanda tun 1982 ake sarrafa shi a masana'anta ta hanyar ƙananan halittu, da tubali ɗaya tak ya bambanta da na kare cikin tubala 51 da suka gina shi, kuma yana aiki sosai. Irin da aka fi amfani da shi shi ne mai kama da madara, mai matsakaicin jinkiri, kamar Insulatard ko Humulin N. Likitoci kan fara da kimanin rubu'in awo ga kowane kilo na nauyin kare, sau biyu a rana, sannan su riƙa gyarawa bayan kowane mako ɗaya ko biyu. Ga kare mai kilo 15, awo huɗu ke nan, wanda bai kai ɗigo ɗaya na ruwa ba. Daga wannan mai karatu zai gane ƙarfin maganin, ya kuma gane dalilin da ya sa likita ne kaɗai ke yanke awo ko ya canza shi.

A nan ne wani tarko yake, wanda ya halaka dabbobi da dama a ƙasashe dabam-dabam. Insulin ɗin karnuka yana da awo 40 a kowane mililita, na mutane kuwa awo 100, kuma kowanne da irin sirinjinsa. Wanda ya zuƙi na mutane da sirinjin 40, ya ba karensa ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta. Lambar tana rubuce a jikin kwalba da jikin sirinji. Tilas su zama iri ɗaya, kuma a duba a duk lokacin da aka sayo sabo.

Yin allurar ba shi da wuya. A mirgina kwalbar a hankali tsakanin tafuka har ruwan ya haɗe ya zama fari bai ɗaya. A kama fatar gefen ƙirji ko ta kwiɓi a ɗaga ta kamar laima, a soka a ƙarƙashinta, ba cikin tsoka ba. A riƙa sauya wuri. Allurar siririya ce ƙwarai, yawancin karnuka ba sa ko ɗaga kai daga kwano. Tsakanin allura da allura awa goma sha biyu ne, kuma a wannan yanki Allah ya hutar da mai kare sayen agogo: tsakanin fitowar rana da faɗuwarta bai cika nisa da awa goma sha biyu ba a duk shekara. Idan karen ya motsa aka yi shakkar ko maganin ya shiga, kada a sake; sukari ya yi sama na rabin yini ya fi sauƙi a kan ya faɗi ƙasa. Tsofaffin allurai kuwa a tara su a gwangwani mai murfi, nesa da hannun yara.

Kwano ɗaya, awo ɗaya

Tun da awon allura ba ya canzawa, tilas abinci ma ya tsaya a awo ɗaya. Wannan shi ne abin da ya fi wuya ga karen ƙauye, wanda ya saba da cin abin da ya samu: yau guntun tuwo, gobe kayan cikin kifi a bakin kogi, jibi ba komai. Karen da ke karɓar insulin ya bar yawo ke nan. Sau biyu zai ci, safe da yamma, iri ɗaya, a kwano ɗaya, kuma sai an ga ya ci sannan a yi masa allura. Idan ya ci ƙasa da rabi, ƙa'idar da likitoci suka fi bayarwa ita ce a yi masa rabin awo. Idan ya ƙi ci sau biyu a jere, ko ya yi amai, a kai shi asibiti.

Ba sai an nemi abincin gwangwani daga birni ba. Gwaje-gwajen da aka yi a kan karnuka sun nuna cewa dawa tana ɗaga sukarin jini a hankali fiye da farar shinkafa. Saboda haka, ko da yake fadamar Haɗeja gidan shinkafa ce, tuwon dawa wanda ba a surfe ta sosai ba shi ya fi. A haɗa da dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, musamman karfasa, wadda ba ta kai tarwaɗa maiƙo ba, da ɗan wake da kabewa. Karen da ya yi ƙiba a ƙara masa dusa. Wanda ya rame kuwa a rage dusar har ya mayar da jiki. Kitse da romo mai maiƙo suna tayar da kumburin fankiriyas, a kiyaye su, musamman a kwanakin Babbar Salla. Ragowar miya ma ba ta dace ba, domin albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Ruwa kuwa kada ya yanke a gabansa dare da rana.

Shaidar cewa jinya tana tafiya daidai ba boyayya ba ce: shan ruwa ya ragu, fitsarin dare ya tsaya, nauyi ya fara dawowa. Littafi ɗan ƙarami da za a riƙa rubuta awon ruwa da na allura da abin da aka ci kullum ya fi wa likita amfani a kan dogon bayani. Na'urar awon sukari ta mutane tana taimakawa, amma a jinin kare takan nuna lambar da ta gaza ta gaskiya. Ba a kuma neman a mayar da sukarin karen daidai da na mai lafiya. A tsare shi tsakanin 100 da 250 a yawancin yini ya wadatar.

Ranar da sukari ya faɗi

Haɗarin da ya fi gaggawa ba yawan sukari ba ne, ƙarancinsa ne. Idan allura ta yi yawa, ko karen bai ci ba, ko ya yi gudu mai tsanani, gulukos kan faɗi har ƙwaƙwalwa ta rasa makamashi. Sai a ga kasala, da rawar jiki, da tangaɗi kamar na mashayi, daga nan sai farfaɗiya da suma. Maganinsa zuma ko sukarin da aka dama da ɗan ruwa, a shafa a dasashi. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa, zai shaƙe. Cikin 'yan mintoci yakan farfaɗo. A ba shi abinci, a dakatar da allura ta gaba har a ji ta bakin likita. Wannan ne dalilin da ya sa karen farauta mai ciwon sukari tilas ya yi murabus. Gudun yini guda a bayan zomo yana ƙone gulukos ta yadda ba mai iya lissafa masa awo. Gadin gida da ɗan zagaye iri ɗaya kullum shi ya dace da shi.

Sai dai a ƙauye, karen da ke tangaɗi yana shure-shure, yawu na zuba, sunansa mahaukaci, kuma kafin a yi bayani an riga an ɗauko sanda. Ba za a ga laifin jama'a ba, domin haukan kare ciwo ne da ba ya barin wanda ya kama da zarar alamunsa sun bayyana. Bambancin shi ne, haukan kare yakan fara da canjin hali, da cizon duk abin da aka gani, da saukar muƙamuƙi, da sauyin murya, ya yi ta ƙaruwa har dabbar ta mutu cikin kwana goma. Faɗuwar sukari kuwa farat ɗaya take zuwa, 'yan awoyi bayan allura, kuma zuma na kore ta. Gubar maganin feshi da ake amfani da shi a gonakin fadama ita ma tana kawo rawar jiki da dalalar yawu. Domin a fita daga wannan ruɗani, sharaɗin farko na jinya shi ne a yi wa karen allurar rigakafin hauka, irin wadda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom take sarrafawa, a riƙa sabuntawa, a kuma sanar da maƙwabta halin da yake ciki. Ko da an yi rigakafin, da bayan cokali ake shafa zumar, ba da yatsa ba. Wanda tsautsayi ya sa aka ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti goma sha biyar, ya wuce asibiti.

Akwai kuma abin da ko jinya mai kyau ba ta cika hanawa ba, wato yanar ido. Gulukos yana shiga madubin cikin ido ba tare da insulin ba, wani sinadari ya mayar da shi sobitol, wanda ba ya iya fita. Ya ja ruwa, madubin ya kumbura ya yi fari. Binciken da aka buga a Amurka a 1999 a kan karnuka 200 ya nuna cewa uku cikin huɗu sun sami yana a cikin kimanin shekara guda. Makanta ba ita ce ƙarshen kare ba, domin da hanci da kunne ya fi rayuwa. Idan ba a sauya masa wurin kwano da makwanci ba, aka kuma kange shi daga rijiya da bakin ruwa, yakan ci gaba da gadinsa.

Zafi da ambaliya

Ƙa'idar ajiye insulin ita ce a sa shi a firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada kuma ya daskare. A Kirikasamma kuwa zafin bazara yakan haura digiri 40, wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce. An daɗe ana ganin wannan a matsayin shingen da ba ya tsallakuwa, amma bincike ya sassauta shi. A 2021 masana na Jami'ar Janiba tare da ƙungiyar likitoci ta MSF suka gwada insulin ɗin mutane a irin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley da ke Kenya, inda yake hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, suka tarar bai rasa ƙarfinsa ba har mako huɗu. Abin da ake bukata ke nan shi ne a rage zafin, ba lalle sai an kai shi sanyin firji ba.

Dabarar yin haka kuwa a Jigawa aka raya ta. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya yaɗa tukunya cikin tukunya a ƙauyukan jihar, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, ya tafi da zafi, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. A sa kwalbar a cikin roba mai murfi kafin a saka ta, domin kada laima ta taɓa bakinta ko ta goge rubutun. A riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Tukunyar ta fi aiki da bazara da hunturu, lokacin da iska ta bushe; a watan Agusta, da fadama ta cika iska ta yi nauyi da laima, sanyinta kan ragu, sai dai a lokacin zafin garin ma ya sauka. Duk kwalbar da aka ga ruwanta ya yi gudaji, ko ya manne a jikin gilashi, ko ya sauya launi, ta tashi aiki.

Lissafi ma yana da amfani a nan. Babbar kwalba mai mililita 10 tana ɗauke da awo 1,000. Karen da ke karɓar awo takwas a rana, awo 224 kawai zai ci a mako huɗu, saura ya lalace. Ƙaramar kwalba mai mililita 3, mai awo 300, ita ta fi dacewa da aljihu. Duk da haka, kuɗin magani da sirinji da zirga-zirgar asibiti nauyi ne na kowane wata har ƙarshen ran dabbar, kuma ya kamata mai kare ya auna ƙarfinsa tun farko. Ba daidai ba ne ko kusa a rage wa ɗan Adam mai ciwo insulin ɗinsa don a ba kare. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya gaya wa likita gaskiya, domin likita yana da hanyar kawo ƙarshen wahalar dabba ba tare da azaba ba, kuma hakan ya fi a kore ta daji ta mutu da ƙishirwa.

Wanda ya ɗauki jinyar kuwa, sai ya sa damina a lissafinsa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun katse hanyoyi da dama a masarautar Haɗeja, sun raba ƙauyuka da gari na makonni. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin Agusta ya kama, a tanadi kwalba ta biyu da ba a buɗe ba, da sirinjin wata biyu, da garin dawa, da zuma. Idan ruwa ya tilasta tashi, a naɗe robar maganin da jiƙaƙƙen tsumma a sa a cikin kwando, kada a sa a aljihu ko a bar ta a rana a cikin kwalekwale. In kuwa maganin ya yanke ana tsakiyar ruwa, a ci gaba da ba karen abincinsa yadda aka saba, a wadata shi da ruwa mai tsabta, a hana shi gudu. Yana iya jure 'yan kwanaki a haka. Ranar da ya fara amai ko ya juya wa kwano baya, kiton ya taru ke nan, sai a nemi jirgin da zai fitar da shi zuwa Haɗeja.